Tambayi Likita: Ƙashin da Ke Zaizayewa Ba Tare da Mai Shi Ya Ji Ciwo Ba

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk sun shafi cuta guda, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, mu kuma za mu kira ta zaizayar ƙashi. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Likita, mahaifiyata mai shekara 68 ta zame a wurin alwala bara, ta dafa ƙasa da hannu, sai wuyan hannun ya karye. Mai ɗori ya ɗaure mata, kuma cikin ikon Allah ta warke. Abin da ke damuna shi ne na lura ta rage tsawo, bayanta kuma ya fara ranƙwafawa, har zanen da take ɗaurawa ya soma jan ƙasa. 'Yan'uwa sun ce tsufa ne, wasu sun ce sanyin ƙashi ne. Shin akwai abin da ya kamata mu yi? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya kuma saka maka da alheri bisa wannan lura, domin 'ya'ya da yawa suna ganin abin da ka gani su wuce. Ƙashin mutum mai lafiya bai kamata ya karye don kawai ya zame daga tsaye ya dafa ƙasa ba. Idan wanda ya haura shekara 50 ya karye ta irin wannan hanya, mu likitoci muna ɗaukar karayar a matsayin alamar zaizayar ƙashi har sai bincike ya nuna akasin haka.

Mutane da yawa suna zaton ƙashi busasshen abu ne kamar itace, alhali abu ne mai rai wanda ake rushewa ana sake ginawa a kullum. Akwai ƙwayoyin halitta masu cinye tsohon ƙashi, akwai kuma masu biyo bayansu suna cike gurbin da sabo, ta yadda a cikin kimanin shekara 10 kusan duk ƙasusuwan babban mutum sun sabunta. Daga ƙuruciya zuwa wajen shekara 30 ginin yana rinjayar rushewar, ƙashi yana ta ƙara kauri da ƙwari. Bayan nan sai lamarin ya daidaita na ɗan lokaci, sannan rushewar ta fara yin gaba sannu a hankali. Ga mace kuwa, da zarar al'ada ta ɗauke, sinadarin istirojin da ke taka wa masu rushewar burki yana raguwa ƙwarai, sai zaizayar ta yi sauri na tsawon shekara 5 zuwa 10. Wanda ya taɓa ganin azarar da gara ta ci zai gane abin da nake nufi: daga waje tana nan sumul tana ɗauke da rufin ɗaki, amma cikinta ya zama ramuka, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai a ji ta ɓalle.

Wurare uku ne suka fi karyewa, wato wuyan hannu, ƙasusuwan gadon baya, da kan ƙashin cinya inda yake haɗuwa da ƙugu. Raguwar tsawon Hajiya da ranƙwafawarta suna sa ni zargin cewa wasu daga cikin ƙananan ƙasusuwan bayanta sun lotsa. Irin wannan karaya tana iya faruwa lokacin ɗaga bokitin ruwa ko ma tari mai ƙarfi, kuma kusan kashi 2 cikin 3 na masu ita ba a taɓa gano su ba, domin ko dai babu ciwo sam, ko kuma a ɗauke shi a matsayin ciwon bayan da aka saba. Raguwar tsawo da ta kai santimita 4 daga yadda mutum yake a ƙuruciyarsa dalili ce isasshiya ta ɗaukar hoton baya.

Game da sanyin ƙashi kuwa, abin da jama'a suka fi nufi da wannan suna shi ne ciwon gwiwa da sauran gaɓɓai, wanda guringuntsin mahaɗar ƙasusuwa ne ke cinyewa. Wannan yana zuwa da ciwo da ƙagewa tun da wuri. Zaizayar ƙashi ita ba ta da ciwo sai an karye, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayar aiki, ko da yake tsoho ɗaya yana iya haɗa su duka biyu.

Ina roƙonka kada ku bar maganar a kan cewa tsufa ne. Wanda ya karye sau ɗaya ta wannan hanya, haɗarin sake karyewarsa yana kusan ninkawa, kuma ya fi yawa a shekara biyun farko, wato daidai lokacin da Hajiya take ciki yanzu. Ku kai ta babban asibiti ko asibitin koyarwa mafi kusa, ko Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano idan da hali, ku faɗa wa likita abubuwa ukun nan tare: karayar hannun, raguwar tsawon, da ranƙwafawar.

TAMBAYA: Likita ya rubuta mini gwajin da ake kira DXA, amma na nema a garinmu ban samu ba. Na yi gwajin jini, aka ce sinadarin kalsiyam ɗina daidai yake. Wannan bai isa ya nuna cewa ƙashina lafiya lau yake ba? Shekarata 61. Daga wata mai karatu a Damagaram.

AMSA: Hajiya, wannan sakamako bai isa ba, kuma ya yaudari mutane da dama. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙasusuwa da haƙora, ɗan ragowar da ke yawo a jini kuwa zuciya da jijiyoyi da tsoka ba sa iya aiki sai da shi. Saboda haka idan abinci bai kawo isasshe ba, jiki yana ɗibar na ƙashi ya zuba a jini don kada na jinin ya yi ƙasa. Ke nan mace tana iya samun sakamakon jini mai kyau alhali rumbun da ake ɗiba ya kusa ƙarewa. Amfanin gwajin jini a nan shi ne neman wata cutar da ke haddasa zaizayar, kamar matsalar ƙoda, ƙarancin bitamin D, ko yawan aikin tayiroyid da ke wuya, da kuma tabbatar da cewa jiki zai ɗauki magani.

DXA na'ura ce da ke auna kaurin ma'adinan ƙashi a ƙugu da ƙasan gadon baya. Mutum yana kwanciya da tufafinsa na kimanin minti 10 zuwa 20, babu allura, kuma hasken da ke ratsa jiki bai kai na hoton ƙirji ba. Sakamakon yana fitowa da lamba mai suna makin T, wadda ke kwatanta ƙashinki da na matashiya mai lafiya. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1994, daga -1 zuwa sama lafiya ne, tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara raguwa, -2.5 ko ƙasa da haka kuma zaizayar ƙashi ce. Hoton ƙashi na yau da kullum yana nuna karaya sarai, amma ba ya nuna zaizaya sai an riga an yi asarar kusan kashi 30 cikin 100.

Gaskiya ne cewa wannan na'ura ta yi ƙaranci a ƙasashenmu, sai a manyan birane ake samunta, kuma kuɗin gwajin da na mota ba kowa ke iya biya ba. Amma rashinta bai ɗaure wa likita hannu ba. Tun 2008 masana a Jami'ar Shafil ta Ingila suka fitar da ma'aunin lissafi mai suna FRAX, wanda ake cikewa a intanet da shekaru, nauyi, tsawo, tarihin karaya, karayar ƙugu a wurin uwa ko uba, shan taba, shan magungunan da ake kira sitiroyid da makamantansu, ya ba da ƙiyasin haɗarin karaya a shekara 10 masu zuwa, ko da babu sakamakon DXA. Bayan haka, wanda ya riga ya karye a ƙugu ko gadon baya daga ƙaramar faɗuwa ana fara masa magani ba tare da jiran na'ura ba. Ki koma wurin likitanki ki gaya masa halin da ake ciki, ku duba tare ko tafiyar ta zama dole a wurinki.

Akwai maganar da nake yawan ji, har daga bakin wasu ma'aikatan lafiya, cewa wannan cutar Turawa ce. An samu cewa baƙar fata a Amurka ba sa karyewar ƙugu kamar farar fatar can, amma hakan ba kariya ba ce ga tsohuwar da ta tashi ba ta samun isasshen nono kuma take ƙara shekaru. Gidauniyar yaƙi da wannan cuta ta duniya, wadda ke jagorantar ranar wayar da kai ta 20 ga Oktoba, ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 da suka haura shekara 50 za su gamu da irin wannan karaya. Maza ma su ji da kyau.

TAMBAYA: Ni siririya ce tun asali, shekarata 27. Kafin aurena wata ƙawata ta haɗa ni da maganin ƙiba da ake sayarwa a ƙulle cikin leda, kuma yau shekara 2 ke nan ina sha. Fuskata ta cika, amma ƙafafuna sun ƙara sirancewa, bayana yana ciwo. Na ji an ce yana cin ƙashi. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: 'Yar'uwa, wannan wasiƙa ita ta fi tayar mini da hankali a cikin duk waɗanda suka iso. Irin haɗin nan da ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe yawanci yana ɗauke da deksametason ko firednisolon, waɗanda magunguna ne na rukunin sitiroyid. Suna ceton rai a asma mai tsanani da wasu cututtukan gaɓɓai da na ƙoda idan likita ya auna su, amma a cikin duk magunguna babu wanda ya kai su jawo zaizayar ƙashi. Suna kashe gwiwar ƙwayoyin da ke gina ƙashi, suna hana hanji tsotsar kalsiyam, suna sa ƙoda ta zubar da shi a fitsari, sannan suna narkar da tsokar cinya. Ɓarnar ta fi sauri a wata 3 zuwa 6 na farko. Cikar fuskar da kike gani ruwa ne da kitse da suka taru ba bisa ƙa'ida ba, kuma haɗuwarta da sirancewar ƙafafu alama ce da likitoci suka sani sarai. Abin takaicin shi ne kina cikin shekarun ƙarshe na tara ƙashin da za ki ci gajiyarsa har tsufa.

Duk da haka, kada ki daina shan sa dare ɗaya. Bayan shekara 2 jikinki ya rage yin nasa sinadarin da maganin ya maye gurbinsa, kuma yankewa kwatsam tana iya jawo faɗuwar jini, amai da suma, har ta kai ga rasa rai. Ki ɗauki ledar yadda take ki kai wa likita a cikin makon nan, ki faɗa masa gaskiya ba tare da jin kunya ba, zai tsara miki yadda za a rage shi kaɗan-kaɗan, ya auna hawan jininki da sukarinki, ya kuma ɗauki hoton bayan. A shekarunki ƙashi yana iya farfaɗowa sosai idan aka cire abin da ke cin sa.

Gargaɗin ya shafi iyayenmu masu sayen haɗin ciwon gwiwa a kantin magani ba tare da sanin abin da ke ciki ba, da masu shafa mayukan canza launin fata da ke ɗauke da sitiroyid a dukan jiki shekara da shekaru. Wasu magungunan farfaɗiya da allurar tsarin iyali ta wata uku su ma suna rage kaurin ƙashi, sai dai na allurar yakan dawo bayan an daina, kuma duka biyun ba a barin su sai da shawarar likita.

TAMBAYA: Shekarata 52, al'adata ta ɗauke bara. Na haifi 'ya'ya 9 kuma duk na shayar da su. Shin shayarwar ta cinye mini ƙashi? Me zan ci, tun da ba ni da halin sayen madarar gwangwani kullum, kuma ba na yawan fita? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki game da shayarwa. Ƙashin mai shayarwa yana ɗan raguwa, amma yana mayar da abin da ya rasa cikin watanni bayan yaye, kuma ba a ɗauki shayarwa a matsayin sanadin wannan cuta ba.

Mace mai shekarunki tana buƙatar kimanin miligiram 1,200 na kalsiyam a rana, abincinmu kuwa, da yake tuwon masara da dawa da shinkafa ne suka fi yawa a cikinsa, yakan gaza nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya gano cewa yara masu gwame da ƙafar baka suna samun kimanin miligiram 200 kacal a rana, kuma kalsiyam ya fi bitamin D shi kaɗai warkar da su. Abin da yaran ke ci shi ne abin da iyayensu mata ke ci. Sai dai maganin yana kusa da mu. Kofi ɗaya na nono ko kindirmo yana ba da kimanin miligiram 300, daidai da madarar shanu ta kanti, don haka fura da nono mai tsafta wanda aka dafa kafin ya yi tsami ta wadatar a madadin gwangwani. Garin kuka da ganyen zogale suna da kalsiyam mai yawa, haka riɗi, tamba, cuku, da ƙananan kifayen da ake ci har da ƙayarsu. Idan aka samu kindirmo sau biyu a rana, miyar kuka mai kauri da daddare, da kwaɗon zogale ko kantun riɗi a tsakani, an yi nisa. Ki rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, domin yawansu yana fitar da kalsiyam ta fitsari, kada kuma ki yi sakaci da wake, ƙwai, kifi ko nama, saboda ƙashi da tsoka duk suna buƙatar abinci mai gina jiki.

Bitamin D shi ke buɗe wa kalsiyam hanya daga hanji zuwa jini, kuma fata ce ke yin sa idan rana ta taɓa ta. Duk da yawan ranar da Allah ya ba mu, mace mai zaman ɗaki wadda ba ta fita sai a lulluɓe tana iya rasa shi, kuma baƙar fata ta fi buƙatar daɗewa a rana. Wannan ba ya neman ki bar gida ko ki saɓa wa suturarki. Ki riƙa yin tsintar shinkafa ko gyaran kayan miya a tsakar gida da hantsi, hannuwa da ƙwauri a buɗe, na kimanin rabin awa a yawancin ranakun mako. Ki kuma riƙa tafiya da ƙafa, ko da zagayen tsakar gida ne, kina tashi daga kujera ki zauna sau 10 ba tare da dafawa ba, domin ƙashi yana ƙarfafa ne idan ana ɗora masa nauyin jiki.

TAMBAYA: An tabbatar wa mahaifinmu mai shekara 74 da wannan cuta, aka ba shi alendironet sau ɗaya a mako. Yana kukan ƙwannafi, yana kuma cewa bai ga amfaninsa ba tun da ba ya jin wani sauyi. Mu bar shi ya daina? Daga wasu 'yan'uwa a Azare.

AMSA: Kada ku bar Baba ya daina kafin ku koma wurin likita. Wannan magani ba na kashe ciwo ba ne, aikinsa rage saurin masu rushe ƙashi, kuma ga wanda ya taɓa karyewa yana rage haɗarin sabuwar karayar baya da ta ƙugu da kusan rabi. Ƙwannafin kuwa sau da yawa daga yadda ake shan sa ne. Ana haɗiye ƙwayar miligiram 70 da sassafe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa zalla, ba shayi ko koko ba, sannan a zauna a miƙe ko a tsaya na aƙalla minti 30 kafin a karya kumallo ko a sha wani magani, har da ƙwayar kalsiyam. Dattawa da yawa suna sha bayan sallar asuba su koma shimfiɗa, sai ƙwayar ta tsaya a maƙoshi ta ƙona shi. Ku sa masa rana guda da ba zai manta ba, kamar Juma'a, ya sha idan ya dawo daga masallaci da asuba ya zauna lazimi a kan kujera. Da azumi sai ya tashi da wuri ya sha rabin awa kafin sahur.

Idan ƙwannafin bai bari ba, ko haɗiya ta fara yi masa wuya, ya dakata ku gaya wa likita, domin akwai zoledironet da ake sawa ta jijiya sau ɗaya a shekara, da denosumab da ake yi duk wata 6, wanda shi ba a tsallake lokacinsa saboda ƙashi yana saurin zubewa idan aka yanke. A duba ƙodarsa da haƙoransa, a sanar da likitan haƙori kafin cire haƙori, kuma bayan shekara 5 a sake nazari ko zai ci gaba ko zai huta.

Sauran aikin yana hannunku a gida, domin yawancin karaya sai an faɗi take faruwa. Ku zaga gidan da daddare ku ga abin da Baba ke gani: dokin ƙofa mai tudu, bakin tabarmar da ya naɗe, gansakuka a wurin alwala, da hanyar bayan gida idan an ɗauke wuta. Ku ajiye masa tocila a gefen shimfiɗa, ku kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, ku musanya silifas ɗin da ya siɗe da takalmi mai kama ƙafa, ku kai shi a duba idonsa ko akwai yana, ku kuma nuna wa likita duk magungunansa idan yana jin jiri lokacin miƙewa. Ya guji sunkuyawa ya ɗaga kaya ko jan guga, kuma idan ruku'u da sujada suna tayar masa da ciwon baya, addini ya sauƙaƙa masa yin salla a zaune.

Idan kuwa, Allah ya kiyaye, ya faɗi ya kasa taka ƙafa, kuka ga ƙafar ta gajarta ta juya waje, wannan karayar ƙugu ce, kuma ba ta ɗori ba ce. Ƙashin yana can cikin tsoka inda kara da tsumma ba sa kaiwa, kwanciyar watanni kuma ita ke kawo gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini. Ko a ƙasashen da ke da kayan aiki, kusan mutum 1 cikin 5 na tsofaffin da suka yi wannan karaya ba sa cika shekara. Kada a ja ƙafar, kada a tsayar da shi. A ɗora shi a kan abu mai faɗi a nufi asibitin da ke da likitan ƙashi a ranar, domin an fi son a yi aikin cikin kwana 1 zuwa 2, a kuma tayar da shi ya fara takawa washegari.